Baba Wanzami da Jikar da Bai Kai Allura Ba

Ranar da aka kai Baba makwancinsa, ƙofar gidanmu ta kasa ɗaukar mutane. An zo daga cikin Doguwa, an zo daga Riruwai, Fulanin rugagen bayan dutse kuma suka sauko maza da mata. Ƙanina ya ce da ya waiwaya ya dubi sahun sallar gawa, da wuya ya ga kan da askar Baba ba ta taɓa bi ba. Wanzami ne mahaifina, ɗan wanzami, jikan wanzami.

Wani tsoho abokin wasansa ya leƙo cikin gida ya yi wa Inna gaisuwa. Ya shafa gemunsa ya ce, "To ni yanzu wa zai aske ni? Ya gudu ya bar ni kamar bunsuru." Ya so a yi dariya, sai muryarsa ta karye, ya fita yana goge ido da hannun riga. Wata Bafulatana ta dire ƙwaryar nono a gaban Inna, ta jawo ɗanta ta tsayar da shi, ta nuna shi da hannu. Hedimastan firamare ya kawo yara a jere suka yi addu'a a ƙofar gida. Har da wata tsohuwa da ta zauna kusa da ni ta ce, "Allah ya jiƙansa, ya gafarta masa, amma dai ya ɓata sana'ar ubansa."

Kowa ya shigo sai ya ce, "Ya haƙuri?" In ce, "Da godiya." Bakina ne kawai yake amsawa. Hankalina yana kan 'yata, 'yar aji uku, da ta ɗora kanta a cinyata, jikinta zafi rau. Duk sanda ta haɗiyi yawu sai in ga ta runtse ido. Na zo kukan ubana, amma tsoro ya hana ni kukan yadda ya kamata.

Ina so in faɗi wane ne Baba tun kafin mutane su mai da shi "wanzamin nan da ya rasu."

Akwai wata bishiyar mangwaro daura da firamare. Nan ne wurin zamansa in ba ranar kasuwa ba ce. Ya shimfiɗa buzu, ya ajiye zabirarsa, jakar fatar da ya gada mai ɗauke da aska da ƙaho. Farkon zangon karatu yara maza sukan yi layi a gabansa, shi kuma ba ya aske kai sai ya yi masa tsiya. Wannan ya ce kansa kamar tulu, wancan ya ce an manta da shi a rana ya lotse. Yara suna dariya, aska tana aiki. Tun da reza ta wadata ya daina haɗa kai biyu da ƙarfe ɗaya, kuma in uba ya yi ƙorafi sai ya ce, "Kai ma ba ka aron haƙoran maƙwabcinka ka ci nama."

Kafin ya sa aska yakan ɗora tafin hannu a goshin yaro. In ya ji zafi, shi ke nan, ba aski ba boko. "Koma gida ka ce da uwarka wanzami ya ce yau hutu. Kada in ga ƙeyarka a aji sai hancin nan ya bushe." Iyaye suna jin haushi, yara suna murna. Wasu 'yan ƙwal uba har shafa goshi suke yi da hannu don ya yi ɗumi. Sai Baba ya ja kunnen yaro ya ce, "Wannan zazzaɓin lissafi ne, wuce aji."

Maganar da ya fi yawan yi ita ce, "Mura ba ta da ƙafa, da ta yara take shiga gida." Wata damina da mura ta kama makarantar, ya ga yara suna share majina da hannu su kuma kama hannun juna, sai ya dawo gida ya ɗauki zanen Inna a kan igiya ya yayyanka shi ya raba musu hankici. Inna ta fito wanka ta nemi zane ta rasa. Da ta gan shi a hancin 'ya'yan mutane, sai da unguwa ta ji muryarta.

"Malam, zanen fitar unguwata ka mai da abin fyace majina?"

"Ai ya samu ɗaukaka," in ji shi. "A da ke kaɗai yake yi wa aiki, yanzu aji guda yake yi wa."

Kwana biyu ba ta yi masa magana ba. Daga baya ita da kanta take tara tsummoki tana wankewa tana ba shi.

Amma abin da ya raba shi da 'yan uwansa wanzamai shi ne maganar beli. A wurinmu in yaro ya yi ciwon maƙogwaro, ba a tunanin komai sai a ce beli ne, ɗan naman nan da ke rataye a can cikin baki, a kira wanzami ya yanke. Baba ya yanke ba adadi. Sai shekarar da mashaƙo ya shigo. Bafulatanar nan mai ƙwaryar nono ta kawo masa ɗanta, wuya a kumbure, numfashi da ƙyar. Baba ya danne harshen yaron ya leƙa, ya ga wani farin abu ya shimfiɗe a maƙogwaro kamar yanar kunu. Ya daɗe yana kallo, sannan ya mayar da askarsa zabira. Uban yaron ya roƙe shi, ya ce sun yarda, ko me ya faru daga Allah ne. Baba ya ce, "Wannan ba nawa ba ne. In na sa ƙarfe a nan, gawa zan miƙa maka." Ya sa aka nemo babur ya raka su asibitin Doguwa, yaron ya sha da ƙyar.

Daga ranar nan bai ƙara sa aska a bakin yaro mai zazzaɓi ba. Ranar kasuwa wanzamai suka tare shi a rumfa. Babbansu ya ce, "Kana cewa mutane su tafi asibiti, mu kuma mu ci me? Kana so ka nuna iyayenmu ba su san abin da suke yi ba?"

Baba ya ce, "Iyayenmu sun yi da abin da suka gani. Ni na ga abin da ba su gani ba. Ku aske kai, ku yi ƙaho, ku yi kaciya, ba wanda ya hana ku. Amma wanda ya yanka yaro mai wannan farin abu, ya san da wa zai tsaya gobe kiyama."

Suka daina gayyatarsa biki, wasu suka daina amsa gaisuwarsa. Abin ya dame shi, don Baba mutum ne mai son jama'a. Sai dai bai janye ba.

Da malaman asibiti suka zo makaranta da akwatin allurar rigakafi, rabin yara ba su zo ba, iyaye sun ɓoye su. Baba ya rataya zabira ya bi gida gida. Yakan tsaya a ƙofa ya ɗaga murya, "Kai da ka miƙo mini ɗanka na yi masa kaciya ba ka tambaye ni komai ba, yau kai ne mai tsoron allura? Fito mini da shi!" Kunya takan sa a fito da yaro. Ya jera su a bayansa har gindin mangwaro, ya ɗora kowane a cinyarsa yadda yake riƙe su in zai yi aski, yana yi masa tsiyar kai har a gama. Haka ya yi duk zuwan da suka yi.

Gida ɗaya ne bai taɓa tsayawa a ƙofarsa ba, shi ne gidan da nake aure.

Ni ce 'yar farinsa. Tunda na yi wayo ban taɓa jin sunana a bakin Baba ba. "Ke" yake ce mini, in kuma yana magana da Inna ya ce "waccan." Bai taɓa ɗaukata a gaban mutane ba. Na san yana sona, don in na yi ciwo ina yarinya sai in tarar da tsire a ƙunshe a bakin ƙofar ɗakinmu, a tambaya ya ce bai san wanda ya ajiye ba. Kunyar 'yar fari ke nan, ga kuma ta suruki a kanta. In suka hango juna da maigidana a hanya, ɗaya yakan ratse cikin masara har ɗayan ya wuce. Ba su taɓa cin abinci a kwano ɗaya ba, ba su taɓa yin magana da ta wuce gaisuwa ba, ita ma kai a sunkuye.

Gidan su maigidana kuwa ba a allura. Tun 'yata tana jaririya surukata ta ce ba za a tsikari jikarta ba, ta taɓa ganin yaron da hannunsa ya kumbura ya kwana yana kuka. Maigidana ba mugu ba ne, yana son yarinyar nan kamar ransa. Cewa yake, "Lafiyarta lau, me za a nema a jikinta? Ba a tashin cuta tana barci." Na roƙa, na yi fushi, na yi yaji na dawo. Ban ci nasara ba.

Ita kuwa yarinyar, ita ce zuciyar Baba. Abin da bai iya nuna mini ba, a kanta ya juye shi. "Matata" yake ce mata. In an tashi daga makaranta sai ta tsaya a gindin mangwaro ta riƙe ƙugu ta ce, "Ni fa na gaji da miji mai furfura, ina kuɗin cefane?" Shi kuma ya ce, "Mata ba ta iya tuwo ba sai tsiwa," ya ba ta rake.

Ya yi ƙoƙari irin na masu kunya. Ya aiki ƙanina wurin maigidana, aka karɓe shi da fara'a aka ce za a duba. Ya sa liman ya yi zancen a masallaci ba tare da kama suna ba, maigidana ya gyaɗa kai tare da kowa. Zuwan malaman asibiti na ƙarshe, da sassafe maigidana ya ɗauki yarinyar a babur suka tafi gona. An gaya mini Baba ya gama riƙe 'ya'yan mutane, ya roƙi malaman su ɗan ƙara jira, yana ta kallon hanyar gidan mijina har rana ta take. Da suka rufe akwatinsu, ya koma ya zauna a buzunsa.

Da la'asar na yafa mayafi na tafi gidanmu raina a ɓace. Na same shi a zaure. Ban ko gama gaisuwa ba na ce, "Baba, ka kwashe 'ya'yan gari kaf ka kai, ka bar taka. Ƙofar kowa ka buga, tamu ce mai ƙaya?"

Ya juya fuskarsa wajen bango. "Ke, ba a shiga gonar suruki."

"Ko da wuta ta kama gonar?"

Ya ce, "Yarinya ta ubanta ce. Ni na ba shi ke, in koma in ce masa bai iya riƙon gida ba? Da wane ido?"

"Da idon da ka kalli wanzamai a kasuwa."

Ban taɓa yi masa magana haka ba. Ya ce, "In malaman asibiti sun dawo, zan sace matata da kaina. Tashi ki tafi, magariba ta kusa."

Ba su dawo ba har ya kwanta ciwo.

Murar da ta kashe shi a gindin mangwaro ya ɗauko ta. An koma makaranta, ruwa yana ta zuba, yara rabi suna tari, shi kuma kullum fuskarsa a kan tasu. Da ya ji ta kama shi, ya shige ɗaki ya saki labule ya ce kada jika ko ɗaya ya shigo. 'Yata takan zauna a tsakar gida ta yi masa tsiwa, shi ya amsa daga ciki. "Matata, tsaya can. Mijinki ya zama kura yau." Muka ce mura ce, za ta wuce. Sai ta sauka ƙirji, ya koma ba ya iya kwanciya sai a jingine.

Wata safiya Inna ta shiga da kunu ta tarar ya sa babbar rigarsa ta Juma'a, ya ɗaura rawani, yana neman takalmi. Ta ce, "Malam, ina zuwa a haka?" Ya ce, "Gidan waccan. Zan ga mijinta." Ya dafa bango ya kai bakin zaure, ƙafafunsa suka ƙi. A nan ƙanina ya ɗauke shi sai asibiti, daga can gawarsa aka dawo da ita. Inna ba ta gaya mini wannan ba sai bayan an yi jana'iza. Da na ji, na fita bayan ɗaki na toshe bakina da mayafi. Ina jin tausayinsa, ina kuma jin haushinsa, har yau ban iya raba su ba.

Ranar sadakar uku 'yata ta kasa haɗiyar ko ruwa. Wuyanta ya kumbura, muryarta ta dushe, in ta ja numfashi sai ka ji ƙara. Surukata, da ta zo zaman makoki, ta taɓa wuyan ta ce, "Beli ne, ya sauko. Ga wanzami a gida, me ake jira?" Ƙanina take nufi, don shi ya gaji zabira. Matan da ke ɗakin suka ce gaskiya ne. Aka aika zaure aka kira shi, aka kira maigidana.

Ƙanina ya shigo da zabirar Baba a kafaɗa, karon farko da ya rataya ta. Ya durƙusa, ya ce a fito da ita haske. Ya danne harshenta ya leƙa, ni ma na leƙa ta bayansa. Farin abin nan yana nan, ya rufe gefe guda.

Surukata ta ce, "Yi bismilla mana, ɗan nan. Gadonka ne."

Wani daga bakin ƙofa ya ce, "Tsohon ne dama ya tsorata a ƙarshen rayuwarsa. Kai jini ne sabo."

Ƙanina ya dube ni, ya dubi maigidana. Yaro ne, makoki a kansa, manya sun zagaye shi. Na ga hannunsa ya tafi bakin zabira. Maigidana ya ce a hankali, "Yi mata, a huta."

Ban san sanda na miƙe ba. Na kira sunan maigidana tsirara, sunan da ban taɓa furtawa ba tun ranar da aka kai ni gidansa, a gaban uwarsa, a gaban tawa. Na ce, "Wallahi in ƙarfe ya shiga bakin yarinyar nan, sai dai a haɗa da ni a binne. Mashaƙo ne! Kun bar Baba ya mutu da maganar a bakinsa, yanzu ku yanka mini ita a kan tabarmar makokinsa?"

Surukata ta riƙe baki ta ce, "Yau na ga rashin kunya." Na ce mata, "Ki gafarce ni, kunya ta ishe ni haka." Ƙanina ya janye hannunsa ya ce, "Yaya ta yi gaskiya. Baba bai koya mini yanka wannan ba."

Maigidana ya tsaya yana kallon yarinyar. Ta ɗaga ido ta dube shi, ta buɗe baki, ba abin da ya fito sai wannan ƙarar. Sai ya sunkuya ya sungume ta ya fita, na bi shi ba takalmi. Hanya duk taɓo ce, babur yana zamewa, ni a baya na rungume ta ina kiran duk sunan Allah da na sani. A wani rafi sai da muka sauka ya ɗauke ta a kafaɗa ya tsallaka.

A asibiti malamar da ta karɓe mu tana cikin masu zuwa makaranta yin rigakafi. Ta leƙa bakin yarinyar, ta kira likita da sauri, aka shiga da ita ɗakin da ake keɓe masu irin wannan ciwo. Ta dawo ta ce duk wanda ya zauna kusa da ita kwanakin nan sai an duba shi an ba shi magani, na tuna gidan makoki cike da mata da goyo. Sannan ta tambaya, "An taɓa yi mata rigakafi?"

Maigidana ya ce, "A'a."

Ta dube ni da kyau. "Ke ba 'yar Baba wanzami ba ce?"

Na ce ni ce. Ta ja takunkumin fuskarta ta koma ciki.

A barandar asibitin nake wannan rubutu. An yi sadakar bakwai ban je ba. Ta taga nake ganinta, an sa mata ƙarin ruwa, ƙirjinta yana hawa yana sauka. Likita ya ce sun yi abin da za su iya, ciwon nan yakan taɓa zuciya ko bayan maƙogwaro ya buɗe, sai mu yi ta addu'a. Ba na iya cin abinci. In wani ya zo yi mini ta'aziyya, sai in rasa ta wa yake yi mini.

Ɗazu da hantsi maigidana ya zo ya zauna kusa da ni a kan siminti. Tun ranar ba mu yi magana ba. Na gaya masa maganar babbar riga da rawani, da inda ƙafafun Baba suka tsaya. Ya sa kansa tsakanin gwiwoyinsa ya daɗe. Da ya ɗago, fuskarsa jiƙe take.

Ya ce, "Wallahi da ya zo ya gaya mini da bakinsa, ko sau ɗaya, da ban iya musa masa ba. Wa yake musu da surukinsa?"



Allah ya yi wa Baba rahama, ya yalwata masa kabarinsa, ya saka masa da kowane yaro da ya riƙe a cinyarsa. Baba, na san kana kewar matarka. Don Allah ka yi haƙuri, kada ka kira ta yanzu.